Ƙarfen da Aka Sa wa Mijina a Kafaɗa

Duk wanda ya zauna a layinmu a Kakuri ya san Saratu mai ƙosai da baki. Na yi faɗa da 'yan kwandasta, na yi da mai gidan haya, har maigadin ƙofar masaƙa na taɓa wanke shi tas a gaban jama'a don ya ture mini kasko. Amma sau biyu a rayuwata aka bukaci bakin nan nawa ya yi aiki, sau biyun kuma na yi gum, kuma hannun mijina ne ya biya. Shi ya sa nake ba da wannan labari, don wanda aka sa wa nasa ƙarfe a jiki ya ji da kunnensa.

Mijina Bitrus ne, ni dai Baban Rifkatu nake ce masa. Mu mutanen Filato ne, aiki ya kawo mu Kaduna. Yana gyaran injin saƙa a masaƙa, kuma ya iya, don in inji ya tsaya sunansa ake kira. Wata ranar Talata, a shekarun nan da ake layin sabulu da madara, dilar auduga ta suɓuce daga sama ta same shi a kafaɗar dama. Ina cikin suya aka zo aka ce in bar kaskon in zo.

Asibitin kamfani suka duba suka ce wannan ta fi ƙarfinsu, aka tura mu asibitin ƙashi, tafiyar kusan wuni a mota. A can muka samu wani likita Ba'indiye, siriri, mai furfura a gefen kunne. Ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini, wata nas tana fassarawa. Ta ce kan ƙashin ya farfashe kamar an daka gyaɗa, ba abin da za a ɗora. Za su kwashe gutsattsarin su sa na ƙarfe, su liƙa shi da siminti.

Na ce, "Siminti? Na gini?"

Ta yi dariya ta ce nasu daban ne. Ni dai kalmar ta zauna mini, na kuma ɗauka abin da aka liƙa da siminti ya gama zama ke nan har abada.

Aikin ya yi kyau, gaskiya dole a faɗe ta. Sati uku muka yi aka sallame mu. Ranar sallama likitan ya riƙe hannun Bitrus ya ce ƙarfen zai ba shi damar cin abinci, sa riga, har riƙe sifana, amma kada a kuskura a ɗora wa kafaɗar nan nauyi. Ya maimaita sau uku, nas ɗin ma ta maimaita sau uku, ya juyo ya nuna ni da yatsa ya ce ni ce 'yar sandansa. Na buga ƙirji na ce ai ya bar mini.

Na kuwa yi aikin ɗan sanda. Bokitin wanka ban bari ya ɗaga ba. Kekensa na kulle na ɓoye makullin a cikin garin masara. Kullum da safe yana tsayawa a jikin bango yana tafiyar da yatsunsa sama kamar yadda aka koya masa, ni kuma in ja layi da gawayi inda ya kai. A wata na uku layin ya wuce kansa. A wata na huɗu kamfani suka ce ya dawo, za su ba shi duba ma'aikata kafin ya ƙarasa warkewa. A lokacin ana ta rage mutane a masaƙu, maƙwabtanmu nawa suka tattara suka koma ƙauye, mu ga shi an ce mu dawo. Na yi rawa a coci ranar Lahadin nan har ɗankwalina ya faɗi.

Sati biyu da komawarsa Baba Dauda ya rasu.

Baba Dauda ƙanen mahaifinsa ne. Shi ya riƙe Bitrus tun yana ɗan shekara shida da uban ya mutu, shi ya sa shi makaranta, shi ya kawo shi Kaduna ya nema masa aiki, shi ya je neman aurena. Mutanen garinsu da ke Kaduna suka haɗu aka ɗauki mota aka tafi da gawar gida. Garin nasu kuwa a kan dutse yake. Mota tana tsayawa ne a bakin rafi, daga nan sai a ɗauki akwatin a kafaɗa a hau da shi. Kuma al'adarsu ce, ɗan da mamaci ya riƙa shi ke tsayawa wajen kai, ya ɗauka da kafaɗar dama, don ɗaukar uba da hagu raini ne.

Da aka sauke akwatin a bakin rafi, Markus, babban ɗan Baba Dauda, ya waiwayo ya ce, "Bitrus, ga wurinka."

Bitrus ya ce, "Yaya, ka san aikin da aka yi mini."

"Aikin da ka warke har ka koma masaƙa? Za ka iya yi wa kamfani, amma ba za ka iya yi wa Baba ba? Shi da ya goye ka ya hau dutsen nan da kai kana ƙyanda?"

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuka yake yi. Dattawa suna tsaye suna kallo. Ni ina cikin mata, tsakanina da su bai fi taku goma ba. Bitrus ya juyo ya dube ni. Allah ya sani, bakina ya buɗe. Amma ni matar ɗa ce a garin surukai, a gaban gawa, maza suna magana. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce in ja waƙa, ni ce mai murya. Na ja waƙa. Ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa wani, ya sa kafaɗa.

Sun kusa kaiwa sama sai na bayansa ya zame a kan tsakuwa, akwatin ya yi gaba, nauyin duka ya sauka a kansa. Bai faɗi ba, bai kuma sake ba. Na ga dai gwiwarsa ta lanƙwashe ya sake miƙewa. Daga baya ya ce mini ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki, kamar an taka busasshen kara. Har bakin kabari ya kai ubansa. Mutane suna ta sa masa albarka, ana cewa Dauda bai yi riƙon banza ba, shi kuwa gumi yana zuba masa kamar an watsa masa ruwa.

Satin farko da dawowarmu ya ce tsamin jiki ne. Na gasa masa da ruwan zafi na shafa man zafi. Yana zuwa aiki da hannun a cikin aljihu. Na lura ya koma shan koko da hagu, na yi magana, ya ce in rufa masa asiri, in kamfani suka ji ya je ya ɗauki gawa da kafaɗar da suka kashe wa kuɗi, sunansa ne farko a takardar sallama.

Sati na biyu ranar komawa ganin likita ta zo. Muka isa tun da safe, muka zauna a benci har bayan azahar, mutane kamar kasuwa, wani da ƙafa a filasta, wani a kwance a tabarma. Da muka shiga likitan ya ce ya ɗaga hannu. Hannun da ya wuce kai a bangon ɗakinmu, ranar ko ƙirji bai kai ba. Likitan ya cire tabarau. Bai tambayi Bitrus ba, ni ya tambaya.

Nas ta ce, "Madam, likita ya ce ya ɗauki wani abu mai nauyi? Ko ya faɗi?"

Bitrus ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce, "A'a. Sanyi ne ya kama shi."

Wannan shi ne karo na biyu da bakina ya ci amanata. Likitan ya dube ni ya daɗe, sannan ya rubuta a ɗauki hoto. Muka je ɗakin hoto aka ce injin ya lalace, an aika a kawo mai gyara, mu dawo bayan sati biyu. Da na faɗi gaskiya, na tabbata da mutumin nan bai bar mu mun fita daga asibitin ba, ko da hannu ne sai ya lalubo abin da ya faru. Ya ba mu ƙwayoyin rage zafi muka kamo hanya. A mota Bitrus ya ce, "Na gode, Maman Rifkatu." Na juya fuskata wajen taga har muka iso Kaduna.

Sati na uku kafaɗar ta kumbura, ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta, in ya motsa kana jin abu yana gurzawa. Ga masu ba da shawara sun cika ɗaki. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu'a, Allah ya saka musu, har da garin tuwo suka kawo. Wata ta ce a shafa kitsen damo, wani ya ce a daina ba shi kuɓewa. Wata kuwa ta ja ni gefe ta ce ƙarfen Bature ba ya jituwa da jinin baƙar fata, dama can ƙarshensa ke nan. Maƙwabcinmu Malam Idi, direban tanka ne da ke lodin mai a Rido, shi kaɗai ya ce, "Maman Rifkatu, ku mayar da mutumin nan inda aka yi masa aikin. Gobe ina da hanya, in sauke ku." Bitrus ya ce a bari sati biyun su cika.

Kafin su cika Markus ya zo. Ya ji labari, hankalinsa ya tashi, kuma na yarda har zuciyarsa taimako ya zo yi. Ya zo da wani mai ɗori daga wajen Unguwar Boro, wanda aka ce ko ƙafar da mota ta niƙe yana haɗawa. Ina wajen suya aka yi wannan. Da na dawo tun daga bakin layi na ji ihun mijina. Na tarar maza biyu sun danne shi, mai ɗorin ya taka masa haƙarƙari yana jan hannun.

Na ce, "Kai! Ka sake shi! Akwai ƙarfe a ciki!"

Mai ɗorin ya saki hannun ya dubi Markus. "Ƙarfe? Ba ku gaya mini ba."

Markus ya ce, "Na ɗauka ba ya hana ɗori."

To, a ranar bakina ya dawo, ranar da ba shi da sauran amfani. Na zage su tas, na watsa wa Markus ruwan wanke-wanke, na ce kada ya ƙara taka mini ƙofa. Amma an riga an ja, an riga an tsattsaga fatar da aska an cusa baƙin magani, an ɗaure dantsen da karare tamau. Bitrus ya hana ni kwancewa, wai mai ɗorin ya ce kwana bakwai, tunda an fara a bari a gani. Kwana uku na iya haƙura. Da na yanke igiyar, yatsunsa sun yi suntum, sun yi sanyi, na tsikare su da allura bai ji ba.

Sati na biyar zazzaɓi ya rufe shi. Tsagar nan ɗaya ta buɗe ta fara zubar da ruwa mai wari, warin da har yau in na wuce mahauta sai ya dawo mini. Malam Idi bai tambayi kowa ba, ya ajiye tankarsa ya nemo ƙaramar mota, shi da kansa ya ciccibi Bitrus ya sa a baya.

Wannan karon injin hoto yana aiki. Likitan ya maƙala hoton a jikin fitila, ko ni da ban yi boko mai nisa ba na gani. Ƙarfen ya karkace, ƙashin da ke riƙe da shi ya tsage tun daga sama, simintin da na ɗauka dutse ne ya rabu gida-gida. Kafin ya tambaya na faɗa masa komai, rafin, akwatin, ƙaryar da na yi masa, mai ɗori. Nas tana fassarawa muryarta tana raguwa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Madam, why?" Wannan ba sai an fassara mini ba.

Suka shiga da shi suka ciro ƙarfen, suka wanke, suka bar ramin a buɗe ana cusa masa auduga kullum. In za a canza audugar sai na fita waje na toshe kunne. Magani kuma babu a asibitin, sai a rubuta maka takarda ka zaga gari kana nema, yau a samu allurar, gobe a ce ta ƙare sai jibi. Ni a baranda nake kwana tare da sauran masu jinya, muna girki a murhun duwatsu a bayan ɗakin wanki. Wata nas in ka kira ta sai ta gama hirarta. Wata kuma, Allah ya yi mata albarka duk inda take, ita ke ɓoye mana ragowar bandeji. Rifkatu da ƙannenta na bar su wajen matar Malam Idi, wata biyu tana ciyar da su, ko sau ɗaya ba ta nuna ta gaji ba.

Likitan ya ce in ƙwayar cutar ta mutu, hannun zai zauna, ba zai ɗagu ba amma yatsu za su iya riƙe cokali. Muka koma roƙon cokali, mu da muke zancen sifana. Kullum da safe in ɗauki hannun in ɗora a cinyata, in wanke shi, in shafa masa mai, in ce, "Baban Rifkatu, motsa babban yatsa." Ya ciji leɓe ya yi ta ƙoƙari. Wata rana ya ce, "Ya motsa, kin gani?" Na ce na gani. Bai motsa ba.

Sau biyu suka ƙara shiga da shi suna kankare ƙashin. Zazzaɓin ya sauka kwana huɗu, mu fara murna, ya dawo ya fi na da. Mutum mai ƙiba ya koma kamar sanda. Yatsun suka fara baƙi daga bakin farce. A sati na bakwai da kwanciyarmu likitan ya kira ni ofis, ya ce ya yi iya yinsa, dafin yana shiga jini, in an bar hannun zai tafi da mai shi. Daga kafaɗa za su cire.

Ni na gaya wa Bitrus, ban bari nas ta faɗa ba. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya ce, "Da kin hana ni a bakin rafin nan, da na ji haushinki har in mutu."

Na ce, "Da ka ji haushin nawa da hannunka biyu."

Ya ce, "Haka ne." Muka yi kuka, ni da shi, a gaban mutanen ɗakin duka, ba wanda ya ce mana mu yi haƙuri don sun san ba maganar haƙuri ba ce.

Ga abin da ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuwa zan gaya muku don kada ya zo muku ba shiri. In an yanke hannu, ba su zubarwa. Ina zaune a bakin ɗakin tiyata wani ma'aikaci ya fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle da leda, ya ce, "Ina 'yan'uwan Bitrus?" Na miƙe. Ya duba bayana ya ce, "Ba namiji?" Na ce babu. Na aika wa mutanen garinsu tun kwana uku, ba wanda ya iso, Markus kuwa ni na kore shi. Ya miƙo mini. Ya fi yadda na zata nauyi.

Akwai wani fili a bayan asibitin da aka ware don haka. Wani tsoho mai shara ya ara mini fartanya, da ya ga yadda nake sara ƙasar ina haki sai ya karɓa ya haƙa mini. Kafin in sa a ramin na buɗe bakin ƙyallen, ban san abin da ya sa ba. Faratan nan ni na yanke su shekaranjiya. Na rufe, na yi Addu'ar Ubangiji, don ban san wace addu'a ake yi wa hannu ba. Tsohon ya tsaya a gefe da hularsa a hannu har na gama.

Bitrus ya rayu, na gode wa Allah, na gode wa likitan nan da bai yi fushi ya yar da mu ba. Kamfani suka sallame shi da ɗan abin da suka ba shi, ni na ci gaba da suya, da ita muka yi wa yara makaranta. Amma ku ji ni da kyau. In likita ya ce kada a ɗora wa wuri nauyi, to ko gawar wa ce, a nemi wani ya ɗauka, mamaci ba zai tashi ya yi ƙara ba. In kuma an riga an yi kuskuren, a faɗa wa likita a ranar, komai kunya. Ke kuma matar gida, in surukai za su ce ba ki da kunya, su ce.

Ranar nan da na dawo daga bayan asibitin na wanke ƙafafuna a famfo, na shiga na zauna kusa da gadonsa. Sai wajen la'asar ya farfaɗo. Ya daɗe yana lumshe ido yana buɗewa, sannan ya gane ni.

Ya ce, "Maman Rifkatu."

"Na'am. Sannu."

"Tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Na daman. Sosa mini."

Na dubi wurin. Bandeji ne a kafaɗa, daga nan sai zanen gado shimfiɗe, ba komai. Nas ɗin da ke tsaye ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Na sa yatsuna a kan katifa, daidai inda tafin zai kasance, na fara sosawa.

Ya ce, "Ƙasa kaɗan."

Na matsa ƙasa kaɗan.

Ya ce, "Yawwa, nan." Ya rufe ido.

Na ci gaba da sosa katifar har barci ya ɗauke shi.